Raɓa Nake Jira

A fadamar Yaba, gefen Gurara,
injin Yohanna ya cinye gonar Hajiya
kafin a kira la'asar.
Ya juye shinkafa a tirela,
ya tofar min da saura ta baya.

Injin nan ba casa yake ba, tauna yake.
Akwai ganga mai juyi a cikinsa,
tana murzar zangarniya
kamar mai wanki ya samu wuyan riga mai dauɗa.
Abin da ke fitowa bai kai ɗan yatsa ba.
Zamanin lauje, bambaron babana
yakan kai kamu biyu,
da shi kansa ake ɗaure dami,
a rufe rumbu, jaki ya samu ragowa.
Yanzu gutsi-gutsi ne,
kamar wanzami ya yi wa gona aski
ya tafi bai share ba.

Ranar farko da rana tsaka na shiga,
tsohuwar tarakta na jan injin ɗauri.
Haƙoransa na tsefe ƙasa,
bambaro na zubewa ta tsakani,
ɗiban gari da cokali mai yatsu.
Dami bakwai na yi. Uku suka wargaje
kafin Tanimu ya kai su kafaɗa.
Ƙaiƙayi har cikin wando.
Hajiya Lantana ta bugo daga Gwarimpa:
"Haladu, man da ka ƙona fa?
In ba ya ɗauruwa, a ƙyasta masa ashana."

Ashana ɗaya, aikin minti goma.
Amma shanun Hardo Manu na tsallaken ruwa,
in rani ya yi nisa
daga nan kana ƙirga haƙarƙarinsu.
Bara yunwa ta kai su gonar rogon kawun Yohanna,
sai da aka kwana uku ana zarya ofishin 'yan sanda a Abaji.

Na saya wa Yohanna tsire da shayi.
Na ce sassauta gangar nan,
sauke wuƙa ta yanko daga gindi,
cire fankar da ke watsawa,
zuba min shi layi ɗaya kamar kunya.
Ya ce shi da eka ake biyansa, ba da awa ba.
Ya cinye tsiren har albasar.
Bai ce to ba.
Da na je gona ta biyu, layi na tarar,
miƙaƙƙe har bakin giginya.

Sauran dabarar ta innata ce.
Ba ta taɓa saƙa kaba a bushe ba,
sai ta guntsi ruwa ta fesa,
ta jira ta yi laushi.

Shi ya sa nake nan ƙarfe huɗun dare,
zaune kan tarakta, inji a kashe,
sauro na karɓar harajinsa.
Nakan sauka in damƙi bambaro in murɗa.
In ya karye, da saura.
In ya jiƙa min tafi, ya zarce,
dami zai ɗau zafi a ciki ya yi fumfuna.
In ya lanƙwashe ya yi shiru,
sai in tada Tanimu da ƙafa.

Daga asuba zuwa rana ta hau kan giginya,
iyakar rabona ke nan.
Inji na haɗiya, yana dannawa,
allura na zura igiya, ƙulli na kamawa,
dami na faɗowa tim,
mai kusurwa huɗu kamar bulo.
Ɗari da goma sha shida yau.
Biyu kawai suka kwance,
su ma laifin igiyar kasuwar Gwagwalada ne.

Da hantsi yaron Hardo ya ƙetaro.
Ya cusa hannu cikin dami har gwiwa,
ya zaro, ya shinshina, ya tauna.
Ya ce gajere ne. Ya ce ya yi tsada.
Sannan ya tambaya ko Tanimu
ya san mai kwalekwalen da zai ɗauki talatin.